Mun Gyara Masa Gareji

"Ke Auta, wannan kuma fa? Kan fanka ne ko murfin tukunya?"

Auta ta ɗago daga kwalin da take tonawa, ƙura ta yi mata fari har gira. Ta dubi abin da na ɗaga, ta tuntsire da dariya.

"Wallahi Yaya, mai garejin ma ban ce ya sani ba. Wurga shi waje."

Na wurga. Ya faɗa kan tulin da muka tara a bakin ƙofa, ya yi ƙara, kajin gidan gaba suka watse. Tun safe muke wannan aiki, ni da ita da maigidana, muna fitar da tarkacen da Baba Direba ya yi shekaru yana tarawa, shi kuwa yana kwance a asibiti bai san abin da ake ciki ba.

Baba Direba maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Bas ya tuƙa har kansa ya yi fari. Da ya ajiye aiki ya sayar da 'yar motarsa, garejin ya zama wurin gyare-gyare. Fanka, rediyo, dutsen guga, risho, keken yara, duk abin da ya mutu a layinmu wurinsa ake kaiwa. Kada in yi muku ƙarya, ba wani gwani ba ne. Fankar da ya gyara mini tana juyawa, amma tun daga ranar wuyanta ya ƙage, bango ɗaya take kallo. Sai dai ba ya karɓar komai, kuma in ka kai masa gyara ka samu hira, shi ya sa ba a rasa mutum a bakin garejin. Matarsa ta daɗe da rasuwa, manyan 'ya'yan sun yi nisa. Auta ce kaɗai ke leƙo shi, ita ma daga can ƙarshen gari, inda take zaune a bene da mijinta.

Ni kuwa tela ce, kuma duk wanda ya san ni ya san halina: ba na iya ganin hargitsi in kau da kai. A shagona ko allura ce ta ɓata sai kowa ya tashi tsaye. Zare a jere yake bisa launi, maɓallai bisa girma, almakashina kuwa taɓa shi ka ga tashin hankali. Garejin nan ya daɗe yana tsaye mini a rai. Duk sanda na shiga sai na ce, "Baba, wurin nan ko ɓera ne ya shigo sai ya nemi ɗan jagora." Sai ya yi dariya ya ce, "Tela, bar mini kayana, kowa yana inda yake."

To sai ga shi ya faɗi. Aka kai shi asibiti da ƙaton rauni a ƙwauri, ya ce wa likita tuntuɓe ya yi da wani ƙarfe a gareji. Da aka auna shi aka ga sugansa ya hau, aka riƙe shi. A nan bakin gadon na ja Auta gefe.

"Kin ji ko? Garejin nan sai ya kashe shi. Kafin a sallame shi mu gyara masa wurin, ya dawo ya sha mamaki."

"Yaya, ni ina na ga halin sayen kabad da akwatunan kayan aiki?"

"Wa ya ce miki saye za a yi? Ke dai ki zo da tsohon zanenki."

Kuma fa mun yi aiki, wannan ba zan rage mana ba. Maigidana a sito yake, wurin lodin kaya. Ya roƙo tsofaffin katakan da ake ɗora buhuna a kai, ya ɓaɓɓalle su, ya yi kanta hawa-hawa a jikin bango. Ya samo wani faffaɗan allon katako da aka cire daga tsohon shago, muka shafe shi da ragowar farin fentin ɗakinmu, muka kafa. Na sa ya bubbuga ƙusoshi a jiki, na rataye guduma da zarto da filaya, na jera sifanu daga babba zuwa ƙarami. Sannan na ɗauki baƙin fenti da ɗan buroshi na bi gefen kowanne na zana siffarsa, yadda nake fitar da yanka a jikin yadi, don in an ɗauke abu a ga gurbinsa. Na bi gida-gida na tattaro gwangwanayen madara na wanke. Na zauna a ƙasa na tsince ƙusoshi da notina har bayana ya riƙe, na raba su bisa girma, na manna takarda a jikin kowane gwangwani na rubuta abin da ke ciki da kyakkyawan rubutu.

Bencin aikinsa a can lungu yake, inda ko da rana tsaka duhu ne. Na ce wane irin mutum ne zai zauna cikin duhu yana gyaran rediyo? Muka ja bencin zuwa gindin taga, maigidan ya ɗaura dogon ƙwan fitila a samansa.

Akwai abubuwan da suka ba ni haushi ranar. Kusan kowane sukuddireba ya naɗa masa wani abu a mariƙi, wannan robar tayar keke, wancan waya, wancan tsumman da ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. Na zauna da reza na kankare su tas, na goge da kananzir har suka yi ƙyalli. Sai wata igiya da ya ɗaura daga ƙofar da ke shiga cikin gida har jikin bencin, daidai ƙugu, duk mai wucewa sai ya sunkuya.

"Shanya kuma yake yi a nan?" in ji Auta.

"Ƙila ma ita ta kayar da shi," na ce, na sa almakashi na datse.

Maigidana ya tsaya da guduma a hannu. "Anya ba za a bari ya dawo a tambaye shi ba? Kayan mutum ne fa."

"In an tambaye shi yarda zai yi? Kai dai buga ƙusarka."

Ya buga. Da yamma mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya kwashe tulin gaba ɗaya. Muka share, muka wanke daɓen da ban taɓa sanin launinsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa hannu a ƙugu, raina fari ƙal.

Ranar da aka sallame shi ya sauko daga mota yana ɗingishi, ƙafar a naɗe, Auta tana riƙe da hannunsa. Ko zama ba ta bari ya yi ba, ta ja shi zuwa ƙofar da ke ɓullewa gareji. Maigidan ya kunna fitila.

"Baba, buɗe ido ka sha kallo!" na ce.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi warin fenti da kananzir. Hannunsa na dama ya ɗan miƙa gaba daidai ƙugu, ya lalubi iska, ya koma. Ya juya fuska wajen lungun da bencin yake a da, ya daɗe yana duban wurin, alhali babu komai a can sai tsintsiya.

"Me kuka yi?" ya ce a hankali.

Auta ta hau lissafa masa, bakinta har kunne. "Ga bencinka can gindin taga. Ga allo, komai da gurbinsa, Yaya ce ta zana da hannunta. Ka ga gwangwanaye? Kowanne da sunansa. Yanzu ba sauran tuntuɓe."

Sai a lokacin ya juya wajen taga.

"Kai! Madalla, madalla. Sannunku da aiki. Allah ya yi muku albarka." Ya juyo wajena. "Tela, wannan aikinki ne. Ko ba a faɗa ba na sani."

"To wa zai iya in ba ni ba?" na ce, muka yi dariya.

Auta ta tsayar da shi a gaban allon ta ɗauke shi hoto, ta tura wa yayyenta. Shi kuma ya ce ƙafar tana zugi, a kai shi ya kwanta.

Shagona a ɗakin gaba na gidanmu yake, bango ɗaya da garejin. Na saba ina taka keke ina jin ƙwanƙwasarsa, da rediyonsa, da tsakin da yake ja in noti ya ƙi kwancewa. Bayan ya dawo sai shiru. Da farko na ce ƙafa ce. Daga baya na ga masu kawo gyara suna zuwa suna komawa da kayansu a hammata, wai ya ce hutu yake. Abin ya fara ci mini rai. Na ce wa maigidan, "Ka ga mutum! An mayar masa da wuri kamar kanti, ya ƙi shiga. Wasu dai ba a iya musu." Da dutsen gugata ya daina zafi na ce yawwa, ga dalili ya samu.

Na tarar da shi zaune a gaban bencin, fitila a kashe. Ya juye gwangwanaye a kan katako, ƙusoshin da na ɓata yini ina tsincewa duk sun cakuɗe, yana bin su da yatsa.

"Haba Baba! Aikin da na sha wahala a kai?"

"Tela ce? Shigo. Me ya mutu?"

Na dangwarar da dutsen gugar a gabansa. Ya shafa shi, ya kifa shi, ya gano ƙusoshin bayansa da farce. Sai hannunsa ya tafi dama da sauri, ya sauka a kan katako, babu komai. Ya ɗaga ya sake saukewa.

"Miƙo mini ƙaramin sukuddireba, mai roba a wuya."

"Na cire robobin nan, datti ne kawai. Ga shi nan gabanka a jikin allo."

Bai motsa ba.

"Gabanka fa, Baba. Ɗaga ido kawai."

Ya ɗago fuskarsa. Idanun a buɗe tar, suna fuskantar allon, amma sun ɗan kauce gefe.

"Na ɗaga, Tela. Fari nake gani. Ban ga komai a cikin farin ba."

Na waiga neman wurin zama, babu, don ni da kaina na fitar da tsohuwar kujerar baƙi na ce ta karye. Na tsuguna a ƙasa.

Ya ba ni labari kamar yana faɗar lalurar wata mota. Sugan ne ya ci idon, kaɗan-kaɗan. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya rage masa haske da inuwa. In haske ya yi yawa komai sai ya wanke ya zama fari, har hawaye ya zubo, shi ya sa ya koma lungu. Igiyar nan ita ke kawo shi daga ƙofa zuwa benci. Mai roba ƙarami ne, mai waya shi ne mai kan kuros, wato gicciye, mai tsumma dogo. Ya daɗe a haka, kuma ba wanda ya gane, don duk wanda ya zo murya yake fara yi, shi kuwa ya san muryar kowa a layin.

"To tuntuɓen fa?" na ce.

Ya yi 'yar dariya. "A garejin nan ban taɓa tuntuɓe ba. Kwata na faɗa, a bakin titi, na je sayen batir. An ɗauke murfin, ni kuwa na saba da ita a rufe. Na lallaɓo gida na ce gareji ne, don in na ce titi za a tambaye ni yadda aka yi ban ga rami da rana tsaka ba. Kin ga, ni na fara yi wa garejin sharri, ke kuma kika yanke masa hukunci."

Ni ba mai kuka gaban mutane ba ce, amma ranar na yi, har da majina. Kunya ta rufe ni. Na tuna yadda na tsaya hannu a ƙugu, na tuna abin da na ce masa a bakin ƙofa, na ji kamar in haɗiye harshena.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Baba?"

"Ke? Kafin ki gama ɗinkin riga ɗaya layi ya ji." Ya lalubo kafaɗata ya ɗan bubbuga. "Share hawayenki, magana zan yi da ke. Kada Auta ta sani. Ta daɗe tana son ɗauke ni, ina zillewa. In ta san ba na gani, gobe za ta zo da mota, kuma ba ni da ta cewa. Can bene ne, Tela, na taɓa kwana. Ba mai sallama, ba mai kawo gyara. Daga gado sai kujera, kana zaune kana jin kukan firji. A nan ko ba na gani na san inda nake. Ki yi mini wannan ɗaya."

Na yi masa alkawari. Wadda ta yi abin da na yi ba ta da bakin cewa a'a.

Maigidana kaɗai na faɗa wa, don ina bukatar hannunsa. Na jira ya ce ai na faɗa miki, bai ce ba. Ya sa takalminsa kawai ya wuce gaba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka mayar da bencin lungu, muka kwance ƙwan fitilar, na kawo igiyar shanyata muka ɗaura. Na sauko da kaya daga jikin allon na tara a gabansa.

"To Baba, faɗa mini inda kowanne yake, in mayar."

"Filaya tana kan tsohon batirin nan."

Batirin yana cikin abin da aka kwashe.

"Ƙaramar sifana a jingine take da kan fankar nan, ta hagu."

Na dubi maigidan, ya dubi ƙasa. Ashe duk tarkacen da muka zubar shi ne alamominsa. Wannan yana kan wancan, wancan yana bayan wannan, da muka cire na ƙasa sai na sama ya rasa gida. Sauran ma da na matsa masa sai ya girgiza kai.

"Ni ban sani ba, Tela. Hannun ne ya sani, shi kuma ba ya magana."

Washegari na rufe shago na bi sawun mai tsofaffin ƙarafan har inda yake tara kaya. Ya dube ni kamar na zare. Ya ce babbar mota ta riga ta zo ta kwashe.

Sai na koma ga abin da na iya. Na ɗaura wa gwangwanaye maɓallai da zare, babban maɓalli manyan ƙusoshi, ƙarami ƙanana. Na kwaso ƙyallaye daga shago na naɗa wa mariƙan, wannan leshi mai kaushi, wancan karan-miski mai laushi, wancan roba.

"Yau ga sukuddireba da kwalliya," in ji shi. "Saura ɗan kunne."

Ya yi ƙoƙari, kuma na san don ni yake yi. Sai hannun ya tafi dama kamar da, ya tsaya a iska, ya ce, "Leshin ne ƙarami ko karan-miskin?" In faɗa masa, can an jima ya sake tambaya. Abin da a da yake ɗauka kafin ka rufe baki, yanzu sai ya ci masa safiya. Wani lokaci na kan leƙo in same shi zaune, hannuwa a cinya, rediyo a kashe. Duk da haka ya buɗe dutsen gugar, ya gano wayar da ta ƙone, ya kira ni ta kan katanga yana murna kamar yaro. Ranar na yi barci da ɗan sauƙi a rai.

Wari ne ya fara gaya mini. Na tsuguna ina tsince noti a gindin bencin, sai na ji shi. Ashe tun da aka sallame shi bai koma asibiti wankin ciwo ba, don ba ya son titi kuma ba ya son a raka shi. Da kansa yake kwancewa ya wanke ya naɗe, da lalube. Na ce sai na gani, ya ce ba komai, na ce ai ka san halina. Da na warware bandejin sai da na kau da kai. Bakin ciwon ya yi baƙi, baƙin ya gangara har yatsu.

"Yaya ya yi?" ya tambaye ni.

"Da sauƙi," na ce.

Na fita da sauri na sami maigidan yana cin abinci. Ya saurare ni, ya ture kwanon.

"Alkawarin ido kika yi, ba na ƙafa ba. Kira ta yanzu."

Na kira Auta. Na yi dabara irin tawa, na ce ƙafa ce ba ta yi mini kyau ba, ban ambaci ido ba. Ta ce tana wurin aiki, sai ƙarshen mako. Na ce to, a raina ina cewa kafin nan zan shirya shi, in mayar da 'yan kaya jikin allo don kada ta yi tambaya.

Ba ta jira ƙarshen mako ba. Da yammacin ranar na fito daga gidanmu da ruwan zafi a roba, sai na ga motar haya tana juyawa, Auta kuma tana tsaye a bakin garejin, rana a bayanta. Ba ta yi sallama ba. Tana duban bencin da ya koma lungu, da igiya, da allon da babu komai a jikinsa sai zane. Kafin in ƙarasa ya ɗago kai ya ga inuwa a ƙofa.

"Tela, kin dawo? Ajiye ruwan a nan. Af, in Auta ta kira ki ce mata ƙafa ta yi sauƙi, kuma ina nan ina ta aiki a gaban allonta. Yarinyar nan in ta gane idon nan, tawa ta ƙare."

Na tsaya da roba a hannu, ruwan yana ƙona mini yatsu. Auta ta taka a hankali har gabansa. Ta ɗaga hannu ta gitta a fuskarsa. Ya ɗan ƙifta ido, yana murmushi, yana jiran amsata.

"Baba," ta ce.

Murmushin ya ɗauke. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ta juyo kaina, idonta ya kaɗa. "Yaya, kin sani?"

"Na sani."

"Kin sani, kika bar shi yana wanke ciwo da lalube? Kina ji ina kiran ki kullum ina tambaya, kina ce mini lafiya lau?"

Na sunkuya na ajiye robar ruwan a ƙasa.

"Ni na sa ta," in ji Baba. "In faɗa za ki yi, ki yi da ni."

Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa, tana kuka tana cewa, "Hoto fa na ɗauke ka, Baba. Na tura wa kowa. Na ce kun ga yadda ya ji daɗi."

"Ai na ji daɗi," ya ce, yana shafa kanta. "Wanda aka yi wa aiki ai ya ji daɗi."

A yammacin aka tafi da shi. Maigidana ya ɗauke shi cak ya sa a mota, don ƙafar ta daina taka ƙasa. Na tsaya a gefe, ban san inda zan sa hannuwana ba. Har an rufe ƙofa Baba ya sa aka sauke gilashi.

"Tela, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"Dutsen gugarki saura waya ɗaya in ɗaure. Kada ki jona, zai ja ki. Kada kuma ki kai wa wani, ɓata miki za su yi."

A asibiti suka ce ƙafar sai an yanke, amma sugan ya ƙi sauka, zuciyar kuma ba za ta ɗauki aiki ba. Suka yi iya yinsu, daga baya suka ce a kai shi gida a kula da shi. Gidan kuwa na Auta ne. Ni ban je ba. Kullum sai in shirya, in ɗauki jaka, in kai bakin ƙofa in tuna wani ɗinki da ba na gaggawa ba. Tsoron idon Auta nake, kuma na fi tsoron in gan shi a kan kujerar da ya faɗa mini. Maigidan ya je ya dawo, na tambaye shi, ya ce, "Ba ya cin abinci. Ki je."

Ita ce ta kira ni. Muryarta ta dishe.

"Yaya, ki zo yau. Ba fushi nake ba. Ranar garejin ke kika ɗaga, ni na ce ki wurga."

Gidan Auta tsaf yake, irin gidan da nake yabo. Takalma a jere, labule a goge, ko tsinke babu a ƙasa. Ban taɓa shiga wuri mai tsabta na ji ƙirjina ya yi nauyi haka ba. Ta kai ni ɗakin da yake. Ya rame har na kusa kasa gane shi, an lulluɓe shi zuwa ƙirji da farin mayafi, idanun a rufe.

"Baba, ga Tela ta zo."

Na zauna a bakin gadon ta hagu, na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na ɓata maka wuri." Na faɗa da ƙarfi yadda zai ji. Ko ya ji ko bai ji ba, Allah ne ya sani.

Muna zaune sai hannuwansa suka fito bisa mayafin.

"Tun jiya yake haka," in ji Auta. "Ma'aikaciyar jinya ta ce zazzaɓin ne." Ta miƙa hannu za ta riƙe shi.

"Bar shi," na ce.

Hannun hagu ya dafe wani abu a kan cikinsa, ya riƙe shi gam. Na dama ya tafi gefe kai tsaye, ba lalube, ba tsayawa a iska, yatsun suka rufe, ya dawo. Wuyan hannun ya shiga juyawa a hankali. Ya tsaya, ya miƙa can sama ta hagu, ya tsinto wani ƙaramin abu da yatsu biyu, ya kawo ya dasa, ya sake juyawa. Ya mayar da na farko, ya ɗauko wani daga ɗan nesa. Ko sau ɗaya hannun bai sauka a wurin da babu komai ba. Goshinsa da ke tattare ya saki.

Auta ta toshe bakinta da gefen gyale.

Ya daɗe yana aikin. Da ya gama ya ajiye abin da ke hannunsa a gefen dama, daidai ƙugunsa, ya ɗan gyara masa zama da yatsa. Ya goge tafinsa a jikin mayafi, gaba da baya, ya kwantar da hannuwan. Numfashin ya riƙa ja yana nisa, yana ja yana nisa, har muka jira na gaba bai zo ba.

Can Auta ta tashi ta rufe masa ido. Ta kama mayafin za ta ja zuwa sama, sai ta tsaya. Ta zagayo ta gefena ta ja daga hagu, a hankali, ba ta taɓa wurin da ya ajiye kayansa ba.